Amsar tambaya: me ya sa fankek ɗina na obin ba ya tashi?

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Tambayarki dai ita ce kin ga irin fankek ɗin nan da ake gasawa a obin, mai suna Dutch baby, wanda gefensa ke tasowa har ya wuce bakin kasko, kin gwada dan karin kumallon yara amma naki sai ya fito a kwance ya danƙare, ƙasan ya ƙone tsakiya kuma da sauran ɗanye, shine kike tambaya ko bekin foda za ki ƙara ko yis, sannan kin ce obin ɗin kukar gas ɗinki ba shi da lambobi sai dai babba da ƙarami kawai.

Toh kar ki sa bekin foda, kar ki sa yis. Ba su ne matsalar ba, zafi ne bai ishe shi ba, kuma ina da tabbacin a kasko mai sanyi kika zuba ƙullun sannan kika tura obin, dan duk wadda ta kawo min wannan ƙorafin a ajin da nake koyar da gashin obin in na bi diddigi nan muke tsayawa.

Abin da ke ɗaga wannan fankek ɗin tururi ne, ba wani sinadari ba. Ki duba ƙullun da kanki, madara ruwa ce, ƙwai ma kusan kashi 75 cikin ɗari nasa ruwa ne, fulawar 'yar kaɗan ce. Shi kuma ruwa idan ya koma tururi wurin da yake ci yana ninkuwa fiye da sau 1,600, to wannan tururin ne ke neman hanyar fita sai ya tarar da ƙwai da danƙon fulawa sun tare shi, sai ya tura su sama suna miƙewa, daga nan zafi ya daskarar da ƙwan a yanda ya miƙe ɗin. Amma fa ƙwai yana fara daskarewa tun zafi na tsakanin digiri 60 da 70, tun kafin ruwa ya kai ga tafasa, kinga kenan in zafin yana shiga a hankali a hankali ƙwan zai riga tururin, ya kame, lokacin da tururin zai zo babu abin da zai iya ɗagawa, shine ki samu danƙararren abu mai nauyi. Dole zafin ya buge ƙullun lokaci ɗaya tun daga ƙasa. Ki tuna mai masa, ai ba ta zuba ƙullu sai tanda ta ɗau zafi mai ya fara motsi, tana zubawa kina jin cuuu, in ba ki ji wannan ƙarar ba lokacin da kika juye naki ƙullun a kasko to ki san da wuya ya tashi.

Ga awon da nake koyarwa, na kasko mai faɗin santimita 25 ko 26, wato madaidaicin firayin fan. Ƙwai manya 3, fulawa rabin kofi wato giram 65, madara rabin kofi wato mil 120, suga babban cokali 1, gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, sai bota babban cokali 2 zuwa 3 wanda a kasko za a narkar da shi ba a cikin ƙullu ba. In ba ki da kofin awo ki ɗauki gwangwanin madarar Peak, kashi uku cikin huɗu nasa shi ne kusan rabin kofin, kuma da abin da kika auna fulawa da shi za ki auna madara, kai ɗaya. Kar ki danna fulawar cikin abin awo, ki tankaɗe ta tukun ki zuba da cokali ki share bakin, dan fulawar da aka danna tana iya ƙaruwa sosai ba ki sani ba, kuma yawan fulawa shi ne abu na biyu da ke hana shi tashi bayan rashin zafi. Fulawar gama-gari ta leda ko ta awo duk daidai ne, wadda dai aka riga aka haɗa da bekin foda tun daga kamfani ita ce ban so a nan.

Ƙwai kuma na gidan gona manya nake nufi. In na kajin gida ne ko na zabi da ake samu da damina ki sa 4 ko 5 a madadin 3 saboda ƙanana ne. Madara in ta gari ce babban cokali 2 a cike ki dama a rabin kofin ruwa mai ɗumi, in ta gwangwani ce ki yi rabi madara rabi ruwa dan ita an riga an ƙafe ta, in kika zuba ta zalla ƙullun zai yi nauyi ya yi saurin ƙonewa. Ta shanu sabuwa in kina samu ki tafasa ta huce. Kindirmo kam ki bar shi, ya yi kauri da yawa.

Sai maganar sanyi, kuma mu nan Jos wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da hunturu, Disamba da Janairu, ƙwan da ya kwana a kicin da asuba za ki taɓa shi ki ji shi ƙarara ko bai shiga firiji ba, in kika fasa shi haka cikin madara mai sanyi kika juye a kasko to ƙullun ne zai kashe zafin kaskon. Ki jiƙa ƙwan da ɓawonsa a ruwa mai ɗumi minti 5 zuwa 10 kafin ki fasa, madarar ma ta zama da ɗan ɗumi wanda yatsa zai iya zama a ciki, ba mai zafi ba kar ta dafa miki ƙwan. Wani abin kuma, garin nan yana sama da teku da kusan mita 1,200, shi ya sa ruwanmu ke tafasa a wajen digiri 96 ba 100 ba. Ga wannan fankek ɗin hakan taimako ne dan tururi na zuwa da wuri, sai dai yana saurin tashi kafin jikinsa ya yi ƙarfi, saboda haka kar ki ruɗu da ganin ya kumbura ki ce ya yi, ki bar shi ya cika lokacinsa. In iskar hunturu ta busar da fulawa kika ga ƙullun ya ɗan yi kauri ki ƙara madara cokali ɗaya.

Haɗin ba shi da wuya. Ki kaɗa ƙwan sosai har ya yi kumfa, ki zuba madara da suga da gishiri, sannan fulawa kaɗan kaɗan kina kaɗawa har gudajin su mutu, in da blanda ki zuba komai ki kunna rabin minti ya isa, in babu maburgi ma yana yi tsaf. Zai fito da ruwa, ya fi ƙullun masa ruwa nesa, kuma haka ake so, mata da yawa a nan suke tsorata su ƙara fulawa su ɓata shi. Ki rufe ki ajiye minti 20 zuwa 30 fulawar ta jiƙu. Ni abin da na fi so ga mai yara 'yan makaranta shi ne ki haɗa tun dare ki sa a firiji, kina tashi sallar asuba ki fito da shi ya saki sanyin, ki kunna obin, kafin ki idar ki gama shirya yara duka biyun sun shirya, sai ki sake kaɗa shi kaɗan dan fulawar tana kwantawa a ƙasa. In ba ki da tabbacin wuta za ta kwana kar ki bar ƙullun ƙwai da madara ya kwana a firijin da ya huce, gara ki haɗa da safe.

Ƙarnin ƙwai nasan shi ne zai dame ki dan ƙwan da yawa. Gyaɗar ƙamshi gogaggiya kaɗan, ko fulebon banila rabin ƙaramin cokali, ko ki goga bayan lemun tsami koren kawai banda farin dan shi ɗaci gare shi. Kirfa ma tana yi. Suga kuwa kar ki wuce cokali ɗayan nan, nasan bakinmu da son zaƙi amma suga mai yawa yana sa gefen ya yi baƙi tun tsakiya ba ta nuna ba, zaƙin a sama ake ƙara shi bayan an sauke.

Yanzu obin ɗinki. Zafin da ake nema digiri 220 ne, a kukar da ke da lambobi 1 zuwa 9 irin na Ingila lamba 7 kenan. Tunda naki babu lamba ki kunna shi a babba ki rufe ya yi minti 15 zuwa 20 da kaskon a ciki babu komai a kansa. Akwai tsohuwar dabara ta gwada zafi, ki barbaɗa fulawa cokali ɗaya a faranti na ƙarfe ki sa a ciki ki duba agogo, in ta yi ja sosai mai duhu cikin minti 5 to zafin ya kai inda muke so, in minti 5 ta cika tana nan fara-fara ko ta ɗan yi ruwan ƙasa kawai to da saura, in kuma tun minti 3 ta yi duhu ya yi yawa ki ɗan rage. Sau ɗaya za ki yi wannan gwajin ki gane halin obin ɗinki. Amma in da hali ki sayi ɗan agogon auna zafi na obin wanda ake ratayawa a ciki, masu sayar da kayan kek a kasuwar Taminus nan Jos suna kawo shi, zai yi miki amfani har a kek da biredi da gashin kaza, dan ko obin mai lambobi ba kullum yake faɗin gaskiya ba.

Ƙonewar ƙasa da kika ce, wannan halin ƙananan obin na gas ne saboda wutarsu daga ƙasa take. Ki sa kaskon a layin tsakiya, ki sa wani tire babu komai a layin ƙasa ya tare harshen wutar, wayar ɗora tire da ke layin sama kuma ki cire ta gaba ɗaya dan in ya tashi zai iya kai mata ya manne. Dan Allah wajen kunnawa ki buɗe ƙofar, ki ƙyasta ashana tukun sannan ki murɗa gas, in bai kama ba ki kashe ki bar ƙofar a buɗe iska ta kwashe warin kafin ki sake, obin wuri ne rufaffe gas yana taruwa a ciki.

Kaskon shi ma yana da nasa. Wanda ya fi shi ne na baƙin ƙarfe mai nauyi saboda yana riƙe zafi, ko an zuba masa ƙullu ba ya hucewa nan take. In babu, duk wani kasko ko tire mai kauri wanda gaba ɗayansa ƙarfe ne zai yi. Gwangwanin kek mara kauri yana yi amma tashin ba zai kai ba, kuma sai kin yi sauri dan kina fito da shi yake fara hucewa. Firayin fan mai mariƙin roba ko katako kar ya shiga obin sam. Na gilas ma ban so, gilas mai zafi in ruwa mai sanyi ya sauka a kansa yana iya tsagewa. Sannan ya zama yana da gefe mai ɗan tsayi, kamar santimita 4 ko 5, dan gefen ne ƙullun ke bi ya hau.

In zafi ya kai sai a yi komai da hanzari. Ƙullun na kusa da ke a jug ko kofi mai baki, ki fito da kaskon da busasshen tsumma mai kauri, jiƙaƙƙe yana wuce da zafi ya ƙona hannu, ki rufe ƙofar obin ɗin kar zafin ya gudu, ki jefa botan ki jujjuya ya narke ya shafi ƙasa da gefe, yana gama kumfa ki juye ƙullun duka a tsakiya lokaci ɗaya, kar ki juya kar ki baza da cokali, ki mayar ki rufe. Duk wannan kar ya wuce minti ɗaya. Dalilin da ya sa ba a sa botan tun farko shi ne akwai ɓurɓushin madara a cikinsa da ke ƙonewa tun zafi bai kai 220 ba, in ya zauna minti 15 a ciki zai yi baƙi ya yi ɗaci. Soyayyen man shanu ya fi bota jure wuta dan an riga an fitar masa da ruwa da wannan ɓurɓushin, kuma ni a bakina ya fi daɗi, sai dai ki lura yawancin namu da albasa ake soya shi, to wannan ki ajiye shi sai za ki yi mai gishiri, na zaƙi ki soya wani daban babu albasa. Blue Band ma yana yi, man gyaɗa zai ɗaga shi amma ɗanɗanon ba ɗaya ba.

Daga nan kar ki buɗe ƙofar har minti 15, ko yara sun matsa suna so su gani su leƙa ta gilas. Buɗewa ɗaya tana zubar da zafi mai yawa kuma in ya faɗi a wannan lokacin ba ya sake tashi. Tsakanin minti 15 da 20 yake nuna, alamarsa gefen ya taso ya yi ja sosai ya bushe, tsakiya ta lotsa amma ba ta rawa in kin ɗan girgiza kaskon. In gefen ya riga ya yi ja tsakiya da saura ki rage wuta ki ƙara masa minti 3 zuwa 5.

Kuma ki sani kina fito da shi zai sace cikin minti ɗaya ko biyu, tururin ne ke hucewa, ba kuskurenki ba ne kowa nasa haka yake yi, hotunan da kike gani ana fitowa da shi ake ɗauka. Bambancin wanda ya tashi ya sace da wanda bai taɓa tashi ba a baki ake ji, na farkon gefensa na ƙaras-ƙaras da rami a ciki, tsakiyarsa laushi, ɗayan kuwa nauyi ne tun daga gefe har tsakiya. Saboda haka a zaunar da masu ci da shayinsu kafin a sauke.

Abincin asalinsa na Jamusawa ne, Amurkawa suka ɗauka suna ce masa Dutch baby, ana danganta yaɗuwarsa a can da wani gidan abinci a birnin Seattle mai suna Manca's Cafe a farkon shekarun 1900. Mutanen Ingila ma suna da kusan ƙullun nan sak, Yorkshire pudding, su da kitsen nama suke gasa shi su ci da gasasshen naman sa da romo. Na kawo wannan ne dan ki san ba dole sai da zaƙi ba. Ki cire sugan, ki sa ɗan masoro da yankakken ganyen albasa a ƙullun, bayan ya fito ki zuba soyayyen tumatir da albasa da tattasai a ramin tsakiyar, ko kifin gwangwani, ko ragowar naman kazar jiya da kika zazzare, maigida da ba ya son kayan zaƙi da safe wannan zai fi karɓarsa. Na zaƙin kuma yanda aka saba shi ne a matsa lemun tsami a barbaɗa garin suga, ni na fi son zuma da ayaba, in lokacin sitiroberi ne kuwa da hunturu da ake kawowa daga Chaha wajen Vom ki yanka ki barbaɗa musu suga kaɗan su yi minti 10 su fitar da ruwansu sannan ki zuba. Duk kayan itace a sama ake sa su bayan an sauke, in kika zuba cikin ƙullu nauyinsu da ruwansu za su danne shi. Tuffa ce kaɗai nake yarda ta shiga tun farko, ita ma sai an yanka ta siri-siri an soya a botan da kirfa ta yi laushi sannan a juye ƙullun a kanta, kuma ko ita tana rage tashin.

Awon ƙwai 3 ɗin nan mutum biyu yake isa, ko babba ɗaya da yara biyu. In gidan da yawa ki ninka, ƙwai 6, fulawa kofi 1, madara kofi 1, bota cokali 4, a tire mai zurfi kamar santimita 23 da 33, minti 20 zuwa 25. Kar dai ki zuba ninkin a ƙaramin kasko, kaurin ƙullun a kasko bai kamata ya wuce santimita ɗaya ba. Masu son sa garin acca ko na alkama, acca ba ta da danƙon da ke riƙe tururi, in za ki sa kar ta wuce kashi ɗaya cikin uku na fulawar, alkama kuma rabi da rabi, kuma ki fara ƙwarewa da farar fulawa tukun.

Ranar da gas ya ƙare ana iya yi a babbar tukunya mai murfin ƙarfe, a zuba yashi ko duwatsu a ƙasa a ɗora kan gawayi ta yi zafi sosai da kaskon a ciki, amma sai an ɗora garwashi a kan murfin ma dan in zafin ƙasa ne kaɗai saman ba zai yi ja ba. Yana ciyuwa da daɗi, tashin ne dai ba ya kai na obin.

Sai abu ɗaya da ya kamata ki duba, kin ce dan yara 'yan makaranta kike so. In a gida za su ci kafin su fita wannan ɗin ya yi. In kuma a kula za ki zuba musu su tafi da shi to ba shi ya dace ba, yana hucewa yake yin danƙo ƙarnin ƙwai ya dawo. Na tafiya makaranta wani ne daban, kuma shi ne mai bekin fodar da kika tambaya: fulawa kofi 2, bekin foda babban cokali 1, suga cokali 3, gishiri rabin ƙaramin cokali, ƙwai 2, madara kofi 2 saura kaɗan, narkakken bota cokali 4 a cikin ƙullun. Ki haɗa busassun daban masu ruwa daban, ki gauraya su sama-sama ko da 'yan gudaji ki bar su dan yawan juyi yana sa shi tauri, ki shafe tire da mai ki juye, shi ba ya buƙatar tire mai zafi kuma shi kam za ki iya jera ayaba ko sitiroberi a kansa tun kafin ya shiga. Digiri 200, minti 15 zuwa 18, ki soka tsinke a tsakiya in ya fito a bushe ya yi. Ki bari ya sha iska kafin ki yanka gida-gida ki rufe a kula, in kika rufe da zafinsa gumi zai jiƙa shi. Ragowar tana kwana biyu a firiji cikin roba mai murfi, da safe ki ɗumama a kasko da ɗan bota.